Batirin da Na Sa wa Sabuwar Riga

Ku da kuke jera sigarin lantarki a cikin gilashi yanzu, daga Nasarawo har bakin Babbar Kasuwa, gani kuke sana'ar ba ta wuce karɓar kuɗi da miƙa kwali ba. Mutum ya shigo ya ce a ba shi wanda ya fi ƙarfi, ku ɗauko wanda lambarsa ta fi girma, ku ce wat tamanin ne, ya tafi yana murna kuna murna. Kwanaki wani a cikinku har dariya ya yi mini da ya ga na tsare mai saye da tambayoyi, ya ce wai Baba Lawal kamar mai ɗaukar ma'aikata. To ku gyara zama ku ji. Na fara taɓa wannan abu a garin nan tun ba a san sunan da za a kira shi da shi ba, kuma na ga abin da yake yi wa mutum idan aka ba shi wanda ba nasa ba.

Gyaran rediyo na koya tun farko. Mahaifina Bakatsine ne mai sayar da yadi, da ya ga ba ni da bakin ciniki sai ya kama hannuna ya kai ni wajen Oga Obinna, wani Ibo mai gyaran rediyo da kaset a layin 'yan lantarki. Shekara shida na yi a hannunsa. Shekarar farko ko ƙarfen narka dalma bai bar ni na taɓa ba. Aikina shara, da ware sukurori, da gwada batura da wata tsohuwar mita mai allura wadda sai an ɗan buga mata yatsa take motsi. Wata rana mitar ta ƙi, na ɗauki batir na ɗora a harshe don in ji ko da sauran wuta, kamar yadda na ga ana yi. Ban san lokacin da mari ya sauka a ƙeyata ba.

"Lawal," in ji shi, da irin Hausarsa, "batir ba shi da ɗan'uwa. Ka girmama shi, ya yi maka aiki. Ka raina shi, ya ci hannunka."

Shi ya koya mini cewa tambaya biyu ake yi wa batir. Ta farko, nawa ne a cikinsa. Ta biyu, nawa yake iya bayarwa a lokaci guda ba tare da ya yi zafi ba. Kowa ya san ta farko, ita ake rubutawa da manyan lambobi a jiki. Ta biyun ce take raba mai sana'a da mai tsare shago, kuma ita ce har yau ban ji ɗayanku ya yi wa mai kawo masa kaya ba.

Rediyo ta mutu, muka koma wayar hannu, daga baya laftof. Oga Obinna ya daina zaman tebur ya koma sarin kaya daga kudu, ya bar mini shagon da mitar da hantsakinsa biyu da madubin ido. Duk wani abu mai kyau da nake aiki da shi, ta hannunsa yake zuwa.

Sigarin lantarki na farko da na buɗe, wani Alhaji ne ya kawo shi daga tafiya, siriri kamar biro, ya ce ya daina ba da hayaƙi. Na juya shi na sake juyawa, na kwance shi a kan farin ƙyalle don kada wani abu ya ɓace. Abu huɗu na tarar a ciki. Batir, da 'yar waya nannaɗe da ake kira kwayil, da auduga a cikin wayar, da ɗan tanki na ruwan da ake zuƙa. Ka danna maɓalli, batir ya tura wuta cikin wayar, wayar ta yi zafi, ruwan da audugar ta tsotsa ya zama tururi. Audugarsa ce ta ƙone, saboda ya ci gaba da dannawa bayan ruwa ya ƙare. Na sauya mata, na jiƙa ta, na jira ta sha sosai kafin na ba shi. Daga ranar labari ya bazu cewa akwai mai gyaran abin a kasuwa, har Oga ya fara sako mini 'yan ƙwarorin sigarin a cikin kayan waya.

Abin da kuke kira wat, ƙarfin wutar da ake turawa cikin wayar nan ne, ba wani abu ba. Siririyar waya wuta kaɗan take so, wat goma zuwa sha biyar ya ishe ta, ka wuce haka ta ƙona auduga ka sha ɗaci. Waya mai kauri kuwa ba ta ko ɗumama da wannan, sai ka ba ta arba'in, hamsin, ko fiye, sannan ta yi irin hayaƙin nan da ke rufe fuska. To wutar nan daga ina take fitowa? Daga batir. Duk wanda ya taɓa jona dutsen guga a ƙaramin janareto ya san abin da nake nufi. Janareto dai in ya gaji sai ya yi tari ya mutu. Batir in ka matsa masa ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, zafi yake yi daga ciki, ya yi ta yi, har ya fashe.

Masu saye iri biyu ne, kuma tun daga tsayuwarsu nake gane su. Akwai 'yan makaranta da 'ya'yan masu hali, su hayaƙi suke so, a ɗauke su hoto yana fita ta hanci. Akwai kuma wanda taba ta ci masa ƙirji yana neman hanyar rabuwa da ita. Wannan na biyun ba ya bukatar ƙarfi. Ƙarami yake so, mai matsattsiyar zuƙa irin ta karan sigari, wanda zai ja a baki kafin ya kai ƙirji. Shi ya sa nake tambaya. Me kake sha da, kuma nawa a yini? Yaya kake zuƙa? A ina za ka riƙa ajiye shi? A ina za ka yi caji? Wanda ya ce mini a aljihu ɗaya da makullai zai sa batir, ko ya ninka kuɗin ba na sayar masa.

Hamma Buba tela yana cikin iri na biyu. Mutumin Kagarawal ne, dogo, ya girme ni da shekaru, kuma a layin teloli babu wanda ya kai shi iya yanka babbar riga. Ba ya zana alli. Ya kalli mutum sau ɗaya, ya shimfiɗa shadda, almakashi ya bi ta. Amma shekara ashirin da wani abu yana shan taba, tarinsa kuwa daga layinsu ana jiyo shi a namu. Likita ya gaya masa magana mai nauyi, matarsa Adda Hauwa ta hana shi sakat, sai ga shi a shagona yana ta sosa ƙeya kamar wanda ya zo neman aure.

"Lawal, an ce kana da tabar da ba taba ba."

"Akwai, Hamma. Kara nawa kake sha a yini?"

"Kai dai ba ni abin. Ko liman bai yi mini wannan tambayar ba."

Na ba shi ƙarami mai wat sha biyu, na nuna masa yadda ake zuba ruwa da yadda ake danna maɓalli sau biyar a kulle shi. Sati na farko ya zo yana zagina, ya ce na sayar masa da turaren wuta. Sati na uku ya zo ya ce ya ji ɗanɗanon miyar kuka a karo na farko cikin shekaru, ashe matarsa ta iya girki. Ya ɗinka mini riga kyauta. Ba ina gaya muku abin nan magani ba ne, shi ma yana da nasa sharrin, kuma wanda bai taɓa shan komai ba na fi so ya wuce shagona ya sayi rake. Amma tarin Hamma Buba ya ragu, wannan da kunnena na ji.

Sai mummunar shekarar ta zo. Wasunku suna firamare lokacin, abin da kuke tunawa kawai an rufe makaranta. Mu kuwa mun ga yadda bom ya riƙa tashi a wuraren da mutane suka fi taruwa, har ta kai in taya ta fashe a titi sai ka ga dattijo ya yar da buhunsa ya ruga. Aka rufe ƙananan ƙofofin kasuwa aka bar manya, aka sa 'yan banga da sandar bincike. Kowa sai ya bi layi, ya ɗaga hannuwa sama, a shafa shi daga hammata zuwa idon sawu. Ɗan acaɓa in ya zo shinge sai ya sauka ya tura babur. Mai jaka ya zama abin gudu, ko a masallaci. Mu masu waya da batir kuwa mun fi kowa shiga uku, domin kayan sana'armu su ne kayan da ake nema. Wani mai gyara da na sani an tsare shi a hanya da jakar wayoyi da tsofaffin batura, aka tafi da shi, iyalinsa suka yi watanni ba su san inda yake ba.

Oga Obinna ya fara tura matarsa da 'ya'yansa gida. Bayan wani harin da ya ci maƙwabcinsa, shi ma ya sa kwaɗo a shagonsa na sari. Ranar da zai tafi ya biyo ta wajena, ya dafa teburin da ya koya mini aiki a kai, ya ce in Allah ya yarda zai dawo. Da tafiyarsa kaya suka yanke. Babu kwayil, babu ƙananan sigarin, babu batura masu ƙarfi irin waɗanda manyan suke ci. Direbobi ma ba sa yarda su ɗauko kwalin da aka ce batir ne a ciki.

A cikin wannan hali sigarin Hamma Buba ya lalace. Wajen masu cajin waya yake kai shi, janaretonsu yana hawa yana sauka, har batirin cikin ya kumbura. Irin wanda ake haɗa shi da jikin abin ne, ba a sauya shi. Na buɗe na gani na ce masa ya gama aiki. Ya zauna a kan bencina.

"Wata uku ban taɓa kara ba, Lawal. In na kwana biyu babu wannan abin, wallahi komawa zan yi. Na san kaina. Ka duba mini ko mene ne."

Abu ɗaya ya rage a shagon. Wani ɗalibi ya taɓa kawo babba, mai kamar akwatin ashana biyu a haɗe, mai kaiwa wat hamsin, ya musanya da waya ya tafi. Na jabu ne, na san haka tun ranar da na buɗe shi, domin babu ɗan abin da ke yanke wuta in an daɗe ana danne maɓalli. Kwayil ɗinsa mai kauri ne. Kuma babu batir a ciki.

Batir kuwa ina da shi cike da kwali, amma na laftof. In ka fasa batirin laftof da ya mutu za ka tarar da ƙwayoyi shida a jere, sau da yawa biyu ne suka lalace, huɗu na da rai. Girmansu ɗaya da wanda sigarin yake ci, tsayi ɗaya, kauri ɗaya, yana shiga ramin daidai kamar don shi aka yi. Muna sa su a tocila da ƙaramar fanka su yi shekara suna aiki. Sai dai an yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci. Abin da waya mai kauri take ja a zuƙa ɗaya ya ninka abin da suke iya bayarwa sau uku ko huɗu. Wannan ita ce tambaya ta biyu ta Oga, kuma na san amsarta sarai.

Na zaɓi wanda mita ta nuna ya fi cika. Na kankare guntun ƙarfen da aka liƙa masa a kai, na goge. Rigarsa ta roba ta yage wajen fasawa, ta yi datti, kowa ya gan shi ya san tsoho ne. Ina da sauran sabuwar roba mai launin kore, irin wadda ake sa wa batir a hura mata zafi ta kama jiki. Na yanka, na sa masa, na bi shi da zafi a hankali har ta kwanta lumui babu ko tattara. Aiki ya yi kyau, har na ɗaga shi ina kallo ina jin daɗin hannuna. Na gaya wa kaina don kada ya haɗa wuta na sa masa rigar, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Ba na so Hamma Buba ya ga tsohon batir ya ce Lawal ya fara ha'inci.

Na saita lambar a sha biyar na miƙa masa.

"Hamma, kada ka wuce nan. Ka ga wannan maɓallin na ƙari? Kada ka taɓa shi. In za ka sa a aljihu ka kulle."

"Batirin sabo ne?"

"Ba ka gan shi ba?" na ce.

Ban ce sabo ne ba, ban ce tsoho ne ba, na bar shi yana yi wa rogo kallon kitse. Kuma na san wani abu da ban faɗa ba. Waya mai kauri a wat sha biyar ba ta ba da komai sai iska mai ɗumi. Mutumin da ƙirjinsa ya saba da taba shekara ashirin ba zai zauna yana zuƙar iska ba alhali ga maɓallin ƙari a ƙarƙashin babban yatsansa. Na ba shi abin da ba zai yi masa aiki ba sai ya karya dokar da na kafa masa.

Kwana tara ya yi da shi. Rana ta goma, da hantsi, rana ta fara zafi, ina zaune ina sauya gilashin wata waya sai na ji ƙara daga wajen babbar ƙofa. Ba ta kai ta bom ba, amma a shekarar nan wa zai tsaya auna ƙara? Kasuwa ta yamutse. Mata na ihu, 'yan dako na zubar da kaya, ana tattake tumatir da mutane. Ni ma na ruga, ban ko rufe shago ba, na bar takalmi ɗaya a hanya. Da azahar labari ya zagaya gari cewa an kama ɗan ƙunar baƙin wake a ƙofar kasuwa, Allah ya sa bom ɗinsa bai tashi duka ba. Har hamdala na yi.

Daga baya waɗanda suke wurin suka ba ni yadda aka yi. Hamma Buba yana cikin layin bincike, ya zuƙa a hanya ya jefa abin a aljihun wando bai kulle ba. Layi ya matse, na baya na tura na gaba, cinyarsa ta matsu da ƙarfen shinge, maɓalli ya dannu ya zauna a danne. Ya ji zafi. A wurin da kowa hannunsa ke sama, shi ya cusa hannun dama cikin aljihu. Hayaƙi ya fito, abin ya yi tsaki, ya fashe a tafin hannunsa. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu a watannin nan suka ga dogon mutum da hannu a aljihu da wuta a jikinsa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi, waɗanda ba su gudu ba kuwa suka yi kansa da itace da duwatsu. Jami'an tsaro ne suka ƙwace shi da ƙyar suka jefa a mota. Teloli biyu sun gane shi, amma babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ya san shi.

Washegari da safe keke ya tsaya a ƙofar gidana a Nasarawo, Adda Hauwa ta sauko. A zaure muka tsaya, ta ƙi zama.

"Malam Lawal, Buba ne aka kama jiya. Abin da ka ba shi ne ya fashe. Na je sun ce ba a ganinsa. Kai ka san abin, ka je ka yi musu bayani."

"Innalillahi. Adda, ki yi haƙuri, bari ƙura ta ɗan lafa. Yanzu kowa ransa a ɓace yake, in na je ba za su saurare ni ba."

"Hannunsa ya ƙone, an ce. Ƙuna tana jiran ƙura ta lafa?"

Na ce mata gobe. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, ba wata hikima ba. Ina ganin kaina a gabansu ina cewa ni na fasa batir, ni na haɗa, ni na naɗe shi da roba na ba mutumin da ya shiga kasuwa da shi. Wane bayani ne wannan a shekarar da ake neman masu haɗa irin waɗannan abubuwa? Na tuna mai gyaran da aka tafi da shi. Maimakon in nufi inda Hamma Buba yake, sai na je shago na kwashe kwalin baturan nan na zuba a buhun gawayi, na kai kwarin bayan unguwa na juye. Gobe ta zo na ce jibi. Na daina fita kasuwa, na ce wa iyalina zazzaɓi nake yi.

A rana ta huɗu ta dawo. Wannan karon ba ta roƙe ni ba. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da kwalin da na sa masa abin a ciki, ta ajiye a kan tabarma. A jikinsa akwai 'yar takardar da nake liƙa wa duk kayan da suka fita daga hannuna, da sunana da lambar shagona.

"Kwana huɗu yana hannuna," ta ce. "Da na so, da tun ranar farko na kai musu. Na bar ka ne ka kai kanka, don Buba yana ganin girmanka. Yau in la'asar ta yi ba ka je ba, ni zan je."

Kada wani ya ce muku jarumta ce ta kai ni. Kwalin nan ne. Na nemi shugaban layinmu ya raka ni, na biya wajen wani ɗalibi na aro nasa sigarin mai aiki, muka tafi.

Jami'in da aka kai mu gabansa mutum ne mai sanyin magana. Ragowar abin yana kan teburinsa a cikin leda, ya yi baƙi, ga guntun koren robar nan tawa a manne. Na kwance na aron a gabansa, na nuna masa batir da kwayil da auduga da tanki, na mayar na haɗa. Ya ce in sha ya gani. Ni da ban taɓa kai ko karan sigari bakina ba na ja, na sarƙe, ɗakin ya cika da ƙanshin na'ana'a, wani a bakin ƙofa ya yi dariya. Jami'in bai yi ba.

"Tun ranar farko wanda muka kama yake cewa taba ce, kuma a kasuwa aka haɗa masa," in ji shi. "Mun ce ya faɗi sunan wanda ya haɗa, mu kira shi ya tabbatar. Ya ƙi. Ya ce mutumin yana da 'ya'ya ƙanana. Kai ne?"

Na ce ni ne.

"Me ya hana ka zuwa?"

Na dubi ledar da ke kan teburin, bai sake tambaya ba. Sun riƙe ni kwana biyu suna yi mini tambayoyi, suka je suka duba shagon, suka sallame ni. Ko marina ba a yi ba. Hamma Buba kuwa a ranar da na je aka ɗauke shi zuwa asibiti. Ƙunar cinyar ta warke, karayar haƙarƙari ma ta ɗinke. Hannun ne ya riga ya ruɓe. Likitoci suka cire babban yatsa da manuni da na tsakiya. Likitan ya ce da an kawo shi a rana ta farko ko ta biyu, da wataƙila an ceci biyu daga ciki, kuma da biyu ana riƙe almakashi.

Na je duba shi bayan an sallame shi, a gidansa na Kagarawal. Yana zaune a gindin bishiyar darbejiya, hannun a naɗe. Adda Hauwa ta kawo ruwa ta ajiye ba ta dube ni ba. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Ka yafe ni, Lawal. Ka ce kada in wuce sha biyar. Ba ya ba da komai a nan, na yi ta ƙarawa har arba'in. Na ji yana ɗumi a hannuna kwana biyu, na ce ai sabon batir ne, zai jure. Na jawo maka wahala."

Da na yi shiru, da har yau haka ya sani. Na gaya masa duka. Na ce batirin daga mataccen laftof na ciro shi, ni na sa masa sabuwar riga, na san ba zai ɗauki arba'in ba, na kuma san sha biyar ba za ta ishe shi ba. Na gaya masa Adda ta zo tun washegari na ce mata gobe.

"Kwana huɗun ban riƙe ka ba," ya ce. "Kowa tsoro yake ji a lokacin, ni ma da wataƙila haka zan yi. Amma rigar nan, Lawal. Da ka bar shi da dattinsa, ai da na ji tsoronsa."

Bai ƙara cewa komai a kai ba, daga ranar har yau.

Oga Obinna ya dawo bayan abubuwa sun lafa, kaya suka ci gaba da zuwa, yanzu ga su nan har sun yi muku yawa. Na yanzu sun fi na da tsaro, na yarda, amma jabu bai ƙare ba, kuma na ga koren batura a gilashin wasunku waɗanda na san ba daga kamfani suka sa wannan rigar ba. Ku ɗora su a mita, ku tambayi mai kawo muku nawa suke iya bayarwa. In bai sani ba ku mayar masa. In abin da ya dace da mutum babu shi a shagonku, ku ce masa babu, ya tafi yana jin haushinku da yatsunsa goma.

Hamma Buba ya sayar da kekensa na ɗinki. Yanzu maɓallai da zare yake sayarwa a ɗan tebur a bakin layin teloli, yana kallon yara suna ɓata shadda da alli. Ya koma taba tun yana asibiti, tarin ma ya dawo, ya fi na da. Kullum bayan la'asar yakan biyo ta shagona ya zauna a bencin nan da kuke zaune a kai. Sau ɗaya na ce masa ga wani ƙarami mai kyau ya zo, na gaske, ya karɓa kyauta. Ya dube ni kawai, ban sake ba. Sai ya ciro kara da hannun hagu ya sa a baki, ya miƙo mini akwatin ashana, domin yatsu biyu ba sa ƙyastawa. Ni nake kunna masa.